Karfasan da Suka Cinye Mini Labari

Akwai ɓarawo a cikinku. Yana zama inda kuke zama, yana sha da moɗar da kuke sha, kuna matsa masa wuri a tabarma kuna yi masa sannu da zuwa. Bai taɓa haura katangar kowa ba, bai kwance akuyar kowa ba, amma abin da ya ɗauke mini ya fi akuya, ya fi garke. Ba zan kama sunansa ba. Ya san kansa, ku ma kafin in gama za ku san shi.

Ni ne Anaruwa ɗan Nomau majemi. Ubana ya so in gaji jima, hancina ya ƙi. Ban yi zaman gaban malami ba, ɗan abin da na sani a hanya na tsince shi, a bakin rijiya da zango da rumfar maƙera. Da na ga garinmu ya yi wa kunnena kaɗan sai na fita duniya neman sani, ba jaki ba mangala, daga sandata sai bakina.

Na ratsa ƙasar da duwatsu ke tashi da la'asar su tafi shan ruwa. Na kwanta a inuwar wani dutse ina hutawa, na farka na ga rana tana gasa ni, inuwa da mai ita sun yi gaba. Na isa Birnin Kurkuɗu, inda masu tsaron ƙofa tsayinsu ya kai na giginya, kuma ba sa barin baƙo ya wuce. Na tsaya gabansu ina magana ƙasa-ƙasa, suka sunkuyo su ji, na ƙara rage murya, suka ƙara sunkuyowa, har rawunansu suka zamo suka rufe musu ido, na bi ta tsakanin ƙafafunsu. Daga nan na shiga Dajin Rurum. Na san na shiga, na san na fito. Abin da ya faru a tsakani kuwa kada ku tambaye ni yanzu. Abin da na riƙe dai shi ne, na fito da wani labari da ya fi duk waɗanda nake da su, na kuma yi niyyar ba zan ba kowa shi a hanya ba, sai na kawo shi gida sabo fil.

A wani zango na fatake na gamu da mutumin nan da nake faɗa muku. Ina ba da labarin masu rawuna, kowa na dariya har da riƙe ciki, shi kaɗai bai yi ba. Bakina yake kallo, irin kallon da mahauci ke yi wa rago. Da aka watse ya matso, ya yi mini magana da harshen garinmu.

"Ɗan'uwa, ashe ɗan gida ne! Wannan baki naka ai ba na zango ba ne. Ka taɓa jin Kwarin Zamarke?"

Na ce, "Me ake yi a can?"

"Kiwon karfasa. Kifin da ba irinsa a duniya. Kuma yanzu ne lokacin kwasa. Ranar kwasa suna ɗora baƙo a kan kujerar girma, ya ci ya sha, ba abin da suke so gare shi sai hira."

"Kai fa, me za ka samu?"

"Haba ɗan'uwa! Sai mutum ya samu wani abu zai yi zumunci?"

Wanda ya amsa tambaya da haba, ni tuni na sa masa ido. Amma ban taɓa ganin yadda ake kwasar kifin kiwo ba, kuma gani na fito yi. Na bi shi, sandata dai tana hannun da ke kusa da shi.

Da hantsi muka gangara kwarin. Tafkuna ne jere, kowanne an yi masa ganuwar laka, ruwansu kore shar. Garin duka ya fito bakin babban tafkin, maza da kwanduna da wani dogon taru, wato ragar da ake ja daga gaɓa zuwa gaɓa, mata da manyan akusa cike da ruwa. Abu na farko da ya tsaya mini a rai shi ne wani zanen farar toka da aka kewaye tafkin da shi, nesa kaɗan da ruwa. A bayan zanen ana hayaniya kamar kasuwa. Amma duk wanda ya tsallaka shi sai ya kama bakinsa, ya koma nuni da hannu. Har 'yan yara an ɗaure musu baki da ƙyalle.

Abu na biyu, waɗansu mutane a kan ganuwa suna watsa wa kifi dusa. Tsagen fuskarsu ba na kwarin ba ne, kowanne da irin nasa, na ƙasashe daban-daban. Daga bayan tokar na yi wa ɗaya sallama, ya dube ni yana murmushi, murmushin jariri da ya ƙoshi. Na ce, "Malam, daga wace ƙasa?" Ya miƙo mini dusa.

Abokin tafiyata ya ja hannuna. "Rabu da su, bayin Allah ne. Zo ka gaida Magaji."

Magajin Tafki sunansa Kwasau, ƙato mai ƙaramin kai, yana sanye da rigar da aka yi wa ado da ɓawon kifi. A gefensa yayarsa Tabawa, tsohuwa siririya, hannuwanta duk tabon ƙayar karfasa. Na lura kafin Kwasau ya faɗi kowace magana sai ya saci kallonta.

Ya ce, "Maraba da baƙo mai albarka! An ce bakinka ba ya gajiya."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ya danganta da kunnen da ke saurare. Wannan tokar ta mece ce?"

"Ta tururuwa ce."

"Tururuwar garinku magana ce ke tashinta?"

Ya dubi Tabawa. Ita ta amsa. "Ɗan nan, kifi ba ya son hayaniyar mutane da yawa. Murya ɗaya yake so, ta baƙo. Al'adarmu ke nan tun kakanni."

"To Iya, ku da kuka san halinsa me ya hana ɗayanku ya yi masa hirar?"

"Ya saba da mu," in ji ta, ko ƙiftawa ba ta yi ba.

A tsakiyar tafkin akwai wani dandamali bisa turaku, an shimfiɗa masa buzu, an ajiye fura da ruwa. Wani dogon katako ne ya haɗa shi da gaɓa. Na ce wa abokin tafiyata ya zo mu hau tare, ya ce shi ruwa yana sa shi jiri. Na taka na hau, ina zama na waiwaya, sai na ga sun janye katakon. Kwasau ya ɗaga murya daga bayan toka: "Don kada ya tare taru ne, baƙo!"

Suka buɗe magudana, ruwa ya ja baya har ya dawo iya ƙugu. Maza suka shiga suka miƙa taru, waɗansu riƙe da igiyar sama, waɗansu suna take igiyar ƙasa da ƙafa cikin laka. Suka ja daga wannan gaɓa zuwa waccan, suka ɗaga, ba komai sai ciyawa da kwaɗi. Daga sama nake hango dalili. Karfasa tana haƙa ɗan rami a ƙasan tafki kamar akushi, da ta ji motsin raga sai ta kwanta a ciki, taru ya bi ta kanta ya wuce. Kifin yana nan maƙil, ya lafe.

Kwasau ya yi kira. "Bismillah, baƙo! Ba mu na nishaɗi."

Na zaɓi wani ƙaramin labari na fara. Jama'a, da idona na gani. Ruwan ya fara tafasa. Karfasa suka taso daga ramukansu, dubbai, kowace ta kai faɗin faifai, suka kewaye dandamalin, suka fito da baki saman ruwa suna buɗewa suna rufewa. Su kuwa mazan suka zagayo da taru a hankali ta ƙarƙashinsu. Da na kai ƙarshe aka ɗaga, ragar har tana nishi. Aka yi ta cika kwanduna ana miƙawa gaɓa.

Ina kallon Tabawa. Kowane kifi sai ya bi ta hannunta. Ta matse masa kumatu ya buɗe baki, ta leƙa. In ta ga ƙwai a ciki, don uwar karfasa a baki take renon 'ya'yanta, sai ta mai da ita ruwa. In ba ƙwai, sai ta kai bakin kifin kunnenta. Waɗansu ta jefa kwandon banda, waɗansu ta sa su a akushin ruwa da rai, tana lallaɓa su kamar ƙwai. Na ce a raina, tsohuwar da ke sauraren kifi, akwai magana.

Kwasau ya sake ɗaga murya, yana hamma da gangan. "Wannan ne bakin da aka cika mu da labarinsa? Ai kakata tana yin wanda ya fi wannan tana gyangyaɗi!" Jama'a suka kwashe da dariya. Abokin tafiyata ya ce, yadda zan ji, "Ranka ya daɗe, ka yi haƙuri, na ɗauka ya ga duniya ne. Ashe iyakarsa zango."

Jinina ya hau. Na miƙe tsaye, na naɗe ƙafar wandona ta hagu har gwiwa, na nuna musu, na fara labarin Dajin Rurum. Na tuna yadda kwarin ya yi tsit. Na tuna mata sun dafe ƙirji, wani tsoho ya cire hularsa. Na tuna kifin da ya taso a lokacin, har waɗansu manya baƙaƙe da ban gani ba da farko. Na tuna muryata tana rawa wajen ƙarshe.

Sai na yi shiru, aka ɗaga taru. Na duba ƙasa na ga hannuna riƙe da wando. A sha-raɓata ga wani tabo, babba, zagayayye, sawun haƙora jeri biyu, naman wurin ya lotsa har yatsa na shiga. Na tsaya ina kallonsa kamar a ƙafar wani yake. Me ya cije ni? Yaushe? Yaya aka yi na kuɓuta? Na lalubi kaina ko'ina, wurin fayau, kamar ɗakin da aka kwashe kaya aka share. Na nemi ƙaramin labarin da na fara bayarwa, shi ma babu.

Na dubi tokar. Na dubi yara masu ƙyalle a baki. Na dubi masu watsa dusa, suna ta murmushi. Sai na gane. Duk abin da aka furta a kan ruwan nan kifi ke ɗauka, ya bar kan mai shi har abada. Waɗancan bayin Allah su ma a kan buzun nan suka zauna, aka yi ta tatsar su har aka kai ga sunansu.

A gaɓa Tabawa ta kai wata baƙar karfasa kunnenta, ta daɗe tana ji, idonta ya yi waje. Abokin tafiyata ya miƙa hannu biyu. Ta dubi Kwasau, ta dube shi, ta ba shi. Ladan kawo ni ke nan. Ya nufi inda ake gashi da sauri.

"Ci gaba, baƙo!" in ji Kwasau. "Ba mu na garinku. Wace ce ta haife ka? Yaya take kiranka?"

Na kama bakina da hannu.

Ya yi dariya. "Af, ya gane. Ba komai. Rana tana nan, furar kuma za ta ƙare. Lakar ƙarƙashinka ta fi tsayinka. Waɗanda suka fi ka taurin kai sun yi magana."

Na zauna ina tunani, kuma ban bar leɓena ya motsa ba, don kada dabarar ma ta tafi ruwa. Ba ni da makami sai magana, abin da suke so in zubar. To, in dai sai na yi asara, gara in zaɓi abin da zan rasa. Ina da zagi da na tara tun daga majemar ubana har zangon fatake, na ƙasashe da yawa, mai kyau, wanda na sha wahala kafin in koya. Na miƙe na fuskanci Kwasau na buɗe masa buhu.

Abin da na faɗa ban san shi ba yau, kifi ya cinye. Amma Allah ya taimake ni Kwasau irin mutanen nan ne da ke maimaita zagi kafin su rama, kuma shi a bayan toka yake, don haka daga bakinsa na riƙe kaɗan.

"Ni ne mai kai kamar ƙwallon goruba a kan rumbu?"

Wani ya tuntsire da dariya, ya yi maza ya mai da ita tari.

"Ni ne ba na iya tusa sai na nemi izinin Yaya?"

Mata suka rufe fuska da gyale, kafaɗunsu na rawa. Tabawa ta riƙe masa riga. "Kwasau, zauna. Jan ka yake yi."

"Sake ni, Yaya!"

"Na ce ka zauna."

Ya zauna. Kwarin duka ya ga ya zauna. Ban san me na ce a kan wannan zaman ba, amma na ga ma'aikatan taru da ke cikin ruwa sun saki igiya sun toshe bakinsu da hannu biyu, hawaye na zubo musu.

Kwasau ya zabura kamar an ɗana masa wuta. "Ni ne aron riga? Ita ce Magaji ni ɗan riƙon akushi?" Ya fizge rigarsa daga hannunta, ya tsallake toka, ya faɗo ruwa har gwiwa yana nuna ni da yatsa. "Kai, ɗan majema! Ni ne Kwasau Magajin Tafki, ɗan Gambo, jikan Ɗanbaro, jikan Maikoma da ya haƙa tafkin nan da hannunsa! Ni ke ba da umarni a nan! Ni na ce ba za ka sauka ba sai kanka ya zama ƙwarya!"

Kifi suka bar ni suka yi kansa. Ya tsaya da yatsa a miƙe, bakinsa a buɗe. Ya dubi yatsan. Ya dubi rigarsa. Ya juya ya dubi jama'a, sai ga murmushin nan na masu dusa yana fito masa.

Wuri ya rikice. Dogarawansa suka ruga cikin ruwa suna ihu, "Ranka ya daɗe, kai ne Magaji!" Suna faɗa suka tsaya suna kallon juna, an rasa wanda ya san wa suka zo ɗauka. Wani ya yi kururuwa daga kan ganuwa, "Ku tsare baƙon!" Ya gama faɗa ya shiga sosa ƙeya. Tarun da aka saki ya kwanta, kifin da ya sha maganar Magaji ya nufi magudana, wadda ke buɗe tana zuba cikin rafi.

Tabawa kaɗai ce ba ta ruɗe ba. Ta tsallako toka leɓenta a datse, ta tsaya kan katakon nan da ƙafa ɗaya, tana dubana. Ni ma ban yi magana ba. Na nuna mata ƙanenta, na nuna mata magudana. In ta tsaya gadina, sunan gidansu zai bi rafi. Ta daɗe tana auna ni da ido. Sannan ta tofar da yawu, ta tura mini katakon da ƙafa, ta tattare zane ta yi magudana da gudu.

Ban taɓa sanin ina da sauri haka ba. Kafin in tsallake toka, na suri wata karfasa da ta yi tsalle ta faɗo kan ganuwa, na jefa a riga, ko tawa ce. Na kama hannun ɗaya daga masu dusa na yi masa nuni ya zo mu gudu, ya zame hannunsa a hankali ya ci gaba da watsawa. Na nufi wurin gashi. Wuta tana ci, ga ƙaya a kan ganye an tsotse ta tas, har kan kifin. Abokin tafiyata ba ya nan.

Sai da na hau tudu na gasa tawa na ci. Ina haɗiyewa sai na ji na san Gambo, na san Ɗanbaro, na san Maikoma da ya haƙa tafki da hannunsa, har ina jin haushin wata yaya da ba tawa ba. Kakannin Kwasau na ci. Har yau suna nan a kaina, ba sa tsinana mini komai, ni kuwa ba na tuna yadda aka cije mini ƙafa.

Na daɗe kafin in dawo gida. Ranar da na shigo, na tarar da taro a ƙofar wanzami, an yi tsit, wani yana magana a tsakiya ana tura masa goro. Na tsaya a baya. Yana ba da labarin yadda wata dabba mai jerin haƙora biyu ta kama shi a Dajin Rurum, ta ƙafar hagu, da yadda ya yi da ita. Wallahi labari ne mai kyau. Na saurara har ƙarshe kamar kowa, ina tambayar kaina ko mutumin zai tsira. Da ya kai inda ya kira sunan uwarsa cikin azaba, sunan uwata ya kira.

Kun sha jin labarin, kun san mai ba da shi. Kuna cewa Anaruwa hassada ke cin sa, ya tafi duniya ya dawo da baki ba labari. To, ba na neman ku gaskata kifi, ba na neman ku gaskata toka. Gobe in ya zauna ya kai wurin cizon, ɗayanku ya ce masa, "Malam, ɗan ɗaga wandon mu gani." Ku duba da kyau, hagu da dama. Sannan ku zo majemar Nomau, ina nan zaune, zan ɗaga nawa, ku sa yatsa a ciki. Wanda ya yi haka ya kuma iya duban idona ya ce ƙarya nake, ya faɗa a gaban mutane.